Gorar Ruwan Baba

Sai a bakin ƙofar gida Auta ta cim masa, ɗankwalinta a hannu ɗaya, gorar ruwa da hula a ɗaya hannun.

"Baba! Wai don Allah sau nawa zan faɗa?"

Tsohon ya juyo da fuskar wanda bai san an yi ba. Ya karɓi gorar, ya jinjina ta, ya ce, "Wannan ai kayan jaki ne. Tattaki za ni, Auta, ba kashe gobara ba."

"Ka sha maganinka?"

"Na sha."

"Da ruwa?"

"A'a, da yashi."

Ta kifa masa hular a ka, ya cire, ta sake kifawa. Ya tuna mata, kamar yadda yake yi kullum, cewa shekara da shekaru ya yi yana raba wasiƙu gida-gida a tsakar rana, ba wanda ya taɓa rataya masa gora. Ta ce wancan lokacin gwiwarsa ba ta ƙara in ya miƙe. Ya yi tsaki ya wuce, gorar tana lilo a gefensa. Ta bi bayansa da kallo, cike da haushi da tsoro.

Tattakin nan shi ne ya dawo mata da ubanta. Bayan rasuwar mahaifiyarta, Baba zama ya yi a kujera kamar an dasa shi, ba ci, ba magana. Da likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, sai ya faɗa cikin wasu tsofaffin 'yan fansho masu zagaye filin wasan unguwa kowace safiya. Suka sa masa suna Jirgi saboda saurinsa. Ya dawo yana cin abinci, yana kawo mata gulmar duniya. To, sai ga bazara ta shigo da ƙarfinta, ga shi ba a buɗe filin sai rana ta ɗaga. Makon jiya jiri ya kwashe shi a tsakar gida, likita ya ce ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. Auta ta rantse cewa kullum gorar wayam take dawowa. Likitan ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon nan na "na ji dai".

A shagon buga takardu inda take aiki an ɗauke wuta tun safe. Fanka ta tsaya, masu jira suna fifita da takardunsu suna hararar ta kamar ita ta ɗauke. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, wanda yake aiki a wani gari mai nisa, yake kuma mulkin gidan ta waya daga cikin ofis mai sanyi.

"Ya fita yau ma?"

"Ya fita, Yaya."

"Ke fa matsalarki ke nan, sanyin hali. Ki kulle ƙofa ki tafi da makulli, shi ke nan."

"Baba ne fa, ba akuya ba."

"To, in wani abu ya same shi, ke kika sani."

Ya kashe. Ta bi wayar da harara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma Yaya daga nesa yake gyaran rufi. Ba ta gama ajiye wayar ba ta sake yin ƙara. Wannan karon Hedimasta ne, babban abokin Baba a tattaki.

"'Yata, kada ki tayar da hankalinki, amma ki zo fili yanzu."

Duk duniya ba maganar da ke tayar da hankali kamar wannan. Ko jaka ba ta rufe ba ta fita.

Ta same shi kwance a inuwar rumfar 'yan kallo, an ɓalle masa maɓallan riga, tsofaffi sun yi masa rumfa ta biyu da kawunansu. Ɗaya yana fifita da jarida, sauran suna gardama: wannan ya ce a ɗaga ƙafa, wancan ya ce a ɗaga kai. Leɓɓan Baba sun bushe sun yi fari, idonsa rabi a buɗe.

"Ku matsa, don Allah, ku bar shi ya sha iska!"

Ta aika a sayo ruwan sanyi a kantin tsallake, ta jiƙa ɗankwalinta ta shafe masa wuya da ƙirji da hammata. Da ya buɗe ido ya gane ta, ta tallafe kansa ta kai masa ruwa baki. Ya kurɓi kaɗan, sai ya kawar da kai. Ya kawar da kai! Mutum yana bakin mutuwa da ƙishi, yana ƙin ruwa. Ta ji kamar ta kurma ihu.

Ana kama shi zuwa tasi ta tuna da gorar, ta waiga nema. Can ta hango ta kusa da ƙofar fili, a gindin wani ɗan dashe. Hukuma ta jera dashen itatuwa a jikin katangar tun bara, rana ta ƙone su sun zama tsinke. Amma wannan ɗaya kore ne shar, har da sabon toho, ƙasar gindinsa a jiƙe. Gorar tana kwance a gefe, ba ko ɗigo a ciki. Ta ɗaga ido ta bi layin. Ga wani koren can, ga wani gaba da shi, kowanne da danshi a gindi. Ta dubi gorunan da ke hannun tsofaffin, duk wayam. Hedimasta ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

A asibiti aka ɗaura wa Baba ƙarin ruwa. Nas ɗin tana manna filasta tana faɗa, kuma ba da mara lafiyan take ba.

"Ku 'ya'yan zamani sai a hankali. Tsoho yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ku sake shi cikin wannan rana ba ruwa? Ko gora ba za ku iya cika masa ba?"

Gorar tana cikin jakar Auta. Da nas ta fita, ta ciro ta ta dangwarar a kan ɗan teburin gefen gado.

"Ashe lambu kake yi, Baba? Ni ina tashi da asuba ina sanyaya ruwa, ashe itace nake wa bauta? Likita ya mayar da ni maƙaryaciya, Yaya ya mayar da ni sakarya, yanzu nas ta wanke ni tas, duk a kan ruwan da kake zubarwa! Me na yi maka? So kake ka bi Mama ka bar ni?"

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Baba ya juya fuskarsa bango, mutumin da bai taɓa rasa amsa ba. Ta fice kafin ta faɗi abin da za ta yi nadama.

Hedimasta yana zaune a benci a baranda, hularsa a gwiwa. Ya matsa mata wuri.

"Zauna, 'yata. Ruwa ba ya tsami banza."

"Baba Hedimasta, ku ma da iliminku? Gasar taurin kai kuke yi?"

"Ina fa." Ya daɗe yana juya hular. "Maganar ba ta da daɗin faɗa, kuma in ya ji na faɗa miki, abotarmu ta ƙare. Banɗakin filin nan a kulle yake tun kafin zafi ya shigo. Mu kuwa kusan dukkanmu muna shan ƙwayar nan da safe, kuma ba ta san haƙuri ba. Wata rana babanki ya sha ruwansa kamar yadda kika umarta. Muna tsakiyar zagaye abin ya matsa masa. Ya je ƙofa, kwaɗo. Ya nufi bayan rumfa, 'yan mata suna wasan ƙwallo a wurin. Bai kai ko'ina ba."

Auta ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi.

"Tawul ɗina ya ɗaura a ƙugu, na raka shi gida ta lungu. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kai gora baki a cikinmu. Gani ga wane. Kuma ba ma son mu koma gida da ruwa a yi mana faɗa, shi ya sa kowa ya kama itace ɗaya."

Sai ranar ta faɗo mata. Ta dawo daga aiki ta tarar da wandonsa a kan igiya, ya wanke da kansa, har ta tsokane shi cewa ko ya fara neman aure ne yake koyon wanki. Ya yi dariya a lokacin. Yanzu ta gane irin dariyar.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya.

"Kin gani ko? Na faɗa ko ban faɗa ba? Daga yau ya gama fita. Ki sayi kwaɗo babba."

"To, Yaya," ta ce, ta kashe. Ta san abin da kwaɗon zai yi. Baba zai koma kujerarsa, kuma wannan karon ba zai tashi ba.

Da la'asar, da ta ga barci ya ɗauke shi, ta bar Hedimasta a wurinsa ta koma filin. Mai gadin, wani dattijo mai furfura, yana zaune a ƙofa da rediyo a kunne. Ta gaishe shi, ta tambayi makullin banɗaki.

"Yana wurin manaja."

"Ina manajan?"

"Yana hutu. In zafi ya yi yawa hutu yake ɗauka."

"Famfon ne ya lalace?"

"Wane famfo? Lafiyarsa ƙalau. An yi masa sabon fenti ne, har da madubi. Manaja ya ce a kulle kada mutane su ɓata shi kafin manyan baƙi su zo dubawa."

"Yaushe za su zo?"

Mai gadi ya buɗe tafin hannu ya dubi sama.

Auta ta je ta leƙa ta tagar banɗakin. Farin tayil yana ƙyalli, sabulu ma yana nan cikin ledarsa. Ta tsaya tana kallo, sai wata dariya ta takaici ta kufce mata. Ubanta yana kwance da allura a hannu don kada sabulu ya jiƙe! Ta tsallaka titi zuwa wurin mai walda, ta ari zarton ƙarfe, ta dawo.

Mai gadi ya miƙe. Ya dubi zarton, ya dube ta. "Baiwar Allah, aikina fa."

"Ka ce 'yar Jirgi ce ta yanke. Shagonmu yana kan babban titi, duk mai magana ya zo ya same ni."

Dattijon ya ɗauki kujerarsa ya juya ta ta fuskanci titi, ya ƙara wa rediyo murya. "Ni labarai nake ji," ya ce. "Ni ma tun safe ban sha ruwa ba."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Zarton yana zamewa, gumi yana shiga mata ido, tafin hannunta ya yi bororo. Tana yanka tana zagin manaja, da baƙinsa, da Yaya, da rana, da tsofaffin da za su gwammace su mutu da su buɗe baki. Da kwaɗon ya faɗi ƙasa, ta shiga ta murɗa famfo, ta farke ledar sabulun ta wanke hannu da shi sosai.

Ta tarar Baba ya farka, Hedimasta ya tafi. Fuskarsa ta ɗan dawo. Nas ta ajiye masa kofin ruwa, yana nan cike. Auta ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba: kafin ya dubi kofin, sai da ya saci kallon ƙofa, yana auna nisa.

Ta zauna. Ta buɗe jaka, ta ciro yankakken kwaɗon, ta ajiye shi a kan tebur kusa da gorar.

Baba ya dube shi. Ya san shi, ya sha girgiza shi. Ya dubi hannunta mai bororo, sannan ya mayar da ido kan silin ya daɗe.

"Hedimasta dai bakinsa ba ya da linzami," ya ce a hankali.

"Ni ban ga Hedimasta ba. Kwaɗo na gani bai yi mini ba." Ta gyara zama tana duban wayarta. "Banɗakin nan kuma ƙofa ta biyu ne a hagu. Sandar ƙarin ruwan tana da taya."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin. Ya sha, ya tsaya, ya sake kafa kai har sai da ya ga gindinsa. Ya ajiye, ya goge baki.

"To, itacen fa? In na shanye, shi ya mutu ke nan."

Wayar ta fara ƙara a cinyarta, sunan Yaya yana haskawa. Ta kife ta.

"Gora biyu zan riƙa cikawa," ta ce. "Kuma kai za ka ɗauka."