Ɗigon Kore

A masana'antar da ake haɗa bireka, makullin nan mai yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, kowace ma'aikaciya da launin fentinta. Nata kore ne, shi ya sa har mijinta Mai Kore yake ce mata. Aikinta ɗaura sifirin a jikin rota, ɗan gangan da ke juya hannun tagulla. Sifirin ne ke danne bakunan wuta su haɗu gam, shi ne kuma ke riƙe su a buɗe in wuta ta yi ƙarfi ta raba su. In ta gama sai ta ɗiga kore, ta tura zuwa teburin gwaji, wurin mijin. Yakan ce ɗigon ya fara so kafin ya ga fuskar, ita kuwa ta ce ai dama idonsa bai taɓa wuce aiki ba.

Da hannunta ya fara rawa, ta ɓoye wa kowa. Kullum tana jiran a dawo mata da kayanta, a ce ta ajiye aiki. Shiru. Har ta fara zaton ta warke.

Ran nan da yamma tana zuba masa ruwa yana wanke hannu, sai ta ga babban yatsansa duk yanka, ƙanana, a jere. Ta san su sarai. Ƙugiyar sifirin ce ke yin irinsu, mai gwaji kuwa ba ya taɓa sifirin.

Ta ajiye butar. Ya ce ƙofa ce ta datse shi. Ta ce wace irin ƙofa ce mai haƙora haka. Daga nan ya sunkuyar da kai, ya faɗa mata: lokacin hutu, sa'adda kowa ke cin abinci, yake kwance nata yana sake ɗaurawa.

"Baban yara, makon da zazzaɓi ya kwantar da kai fa? Wa ya gyara?"

Ya ce ba wanda ya gyara, amma wanda ya riƙe masa aiki ya gwada, sun wuce.

Ta ce, "Da ƙyar suka wuce. Yanzu suna bangon gidan wasu, yara na wasa a ƙarƙashinsu."

Ta riƙe yatsan da hannunta mai rawa, hawaye na sauka a kai.

Da safe tare suka shiga masana'antar. Ba ta nufi kujerarta ba. Ta wuce ofishin shugaban sashe da kwalbar fentin, ta roƙi a nemo duk bireka mai ɗigon kore na wancan makon, a dawo da su. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, bai hana ta ba.