Amsar Ondrei

"Ka ce 'da' kawai," in ji Rodika, tana nufin kalmar "na yarda" a harshen ƙasar, tana gyara wa angonta Ondrei wuyan riga a cikin bas. "Ba wa'azi aka ce ka yi ba, tsoho."

Ondrei ya buɗe baki, iska ce ta fito. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bara, magana ta ƙaurace masa. Ga shi yau za a ɗaura musu aure a ofishin magajin gari, kuma doka ta ce sai an ji amincewar ango daga bakinsa. In ya kasa, ɗansa zai kai shi gidan tsofaffi a birnin Arad, domin Rodika maƙwabciya ce kawai, ba ta da ta cewa, ko da ta tsufa tana dafa masa miya.

Garin nan kuwa, in ana zancen harshe, kowa malami ne. Ilonka, aminiyar amarya, ta leƙo daga kujerar baya.

"Ya ce 'igen' irin namu na Hangari mana. Ya fi nauyi."

"Wanda kaza ta gagara ɗauka za ki ɗora wa tunkiya?" in ji direba. "Kakata Bajamushiya 'ya' kaɗai ta ce, ta haifi rabin unguwa."

Bas ta kaure da dariya, har kafaɗun Ondrei na rawa. Rodika ma ta dara.

A ofis, ma'aikaciyar ɗaurin aure, baƙuwa ce daga kudu, ba ta ƙarasa tambaya ba Rodika ta ce "da" da ƙarfi. Aka juyo kan ango. Leɓɓansa suka yi ta rawa, gumi ya keto masa. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai don tausayi.

"Hei," in ji Ondrei.

"Me ya ce?" in ji ma'aikaciyar.

"Ya yarda!" Ilonka ta yi ihu. "Yaren Sulobak ne, harshen uwarsa. Tun da aka binne ta ban ƙara jin sa a bakinsa ba."

"Sai wani ya tabbatar," in ji ma'aikaciyar.

Hannaye suka tashi ko'ina, har da na direba, wanda ya bar bas a bakin titi ya biyo su kallo. Ma'aikaciyar ta sake tambaya. Ondrei ya maimaita, wannan karon har a tsakar gida an ji.

Rodika ta yi kuka, ta yi dariya, ta share fuska da bakin ɗankwali. Daɗi ya cika ta fal. Suna saukowa daga bene ta riƙe hannunsa.

"To maigida, tunda baki ya buɗe, ka yarda in sare bishiyar tuffan nan da ke yi wa tumatirina inuwa?"

Ondrei ya dubi sama, ya yi gum abinsa.