Ja ko Kore

"Auta, wanne ne?" Foman ya tambaya ƙasa-ƙasa, yana karkata allon kwamfutar wajen ƙanensa kamar rana ce ta hana shi gani.

A cikin allon, benen da suke ginawa yana tsaye cif, ana juya shi da ɗan yatsa. Injiniya ta tsara komai a ciki: inda kankare ya yi ƙwari sai ya koma kore, a cire katakon da ke tokare da shi, inda bai kai ba yana nan ja, kada a taɓa. Abu mai sauƙi, in ji ta, ko jariri zai gane. Shi kuwa Foman tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa bambanta ja da kore ba. Shekara talatin yana aiki da zanen takarda, baƙi a kan fari, ba wanda ya sani sai Auta, wanda ya goya, ya koya wa ɗaurin rodi, ya yi wa aure.

Auta ya leƙa allon. "Na hagu kore ne, Yaya."

Foman ya ɗaga kai ya dubi dakin ɗin hagu, wato rufin kankaren. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, don a lissafinsa kwana biyar ke nan da zuba shi. Amma wa zai yi musu da kwamfuta? Ya daka wa kafintoci tsawa, suka hau bugun katako.

Ba su kai rabi ba aka ji ƙas! Dakin ya lotsa a tsakiya, tsaga ta bi shi har bakin ginshiƙi. Kowa ya watsar da guduma ya yi ta kansa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Injiniya ta fito daga ofis a guje, ta fizge allon daga hannunsa.

"Baba, ja ne! Ja wur! Ba ka gani ba?"

Foman ya juya yana neman Auta. Ya same shi a gaban leburori, ya harɗe hannu.

"Ki yi haƙuri, Injiniya," in ji Auta cikin ladabi. "Yayana ne, ba na son in tona masa asiri. Amma yau da rai aka rasa fa? Ki tambaye shi launin wannan."

Ya ɗaga bokitin roba sama, inda kowa zai gani.

Foman ya zura wa bokitin ido. Kunya ta kama shi. Ya yi canke.

"Kore."

Dariya ta ɓarke. Wani birkila ya ciro hankicinsa yana kaɗawa. "Foman, wannan fa?" Wani ya nuna tiyon ruwa. Mutanen da ya ɗauka aiki da hannunsa ne, har da wanda ya roƙar wa gafara sau biyu.

"Auta ne ya ce..." Foman ya fara, sai ya haɗiye sauran maganar. In ya faɗa, ya amsa da bakinsa ke nan cewa wata shida, tun da aka kawo allon, yana ba da umarni da idon aro.

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu kawai. "Kawo hular, Baba."

Ya cire farar hularsa ta shugaban aiki ya ba ta. Sanƙonsa ya fito fili, gumi na gangarowa. Ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa, ba wanda ya raka shi.

A bakin ƙofa ya waiwaya. Injiniya na nuna wa Auta allon, shi kuma yana gyaɗa kai, yana gyara zaman hula a kansa. Da nisa, amma Foman bai buƙaci ya tambayi kowa ba. Fari kam yana ganinsa sarai.