Mai Gadin da Ma'u Ta Tayar

A Kusada, in aka ambaci Ma'u, mata sukan ce, "Wadda ta koma makaranta da goyo?" Maza kuma su ce ai ita ce ke shiga cikin kwamfuta ta fito. Gwaggo Halimatu da ta haife ta cewa take tun tana ƙarama ba ta aza tukunya a murhu sai ta leƙa gindinta. Sadisu kau, ɗan kawunta kuma taubashinta, Hawainiya yake ce mata, ita kuma ta ce mashi, "Gaggawa, bawana."

Aiki ɗaya suke yi, shi a Kankia, ita a ɗakinta a Kusada. Su ke kula da manhajar wasu 'yan na'urori da ke sarrafa famfunan burtsatse masu aiki da hasken rana a garuruwan Kaikai da Sukuntuni. Can cikin manhajar akwai kenel, wato zuciyarta, mai yanka wa kowane aiki wurinsa a ƙwaƙwalwar na'ura. A cikin kenel ɗin an dasa sharuɗɗa. Lokacin da ake haɗa rubutun don ya zama abin da na'ura za ta ɗauka, sai a duba ko abu kaza ya wuce girman da aka yanka mashi. In ya wuce, haɗin ya tsaya nan take, tun kuskuren bai bar teburi ba. Mai gadi suke ce wa wannan dubawa.

Ma'u ce ta lura mai gadin yana gyangyaɗi. In aka ba shi tambayar da ba a iya sanin amsarta a lokacin haɗi, shiru yake yi ya bar ta ta wuce, kamar ya amince. Ta zauna ta gyara shi: in bai san amsa ba ya hana, in kuma ya hana ya faɗi dalili, ya nuna layin rubutun da matsalar take.

Ranar da gyaran ya iso wa Sadisu, ya riga ya yi wa mutanen Kaikai alkawarin kai masu sabuwar manhaja. Ya danna, haɗi ya ƙi. Ya sake dannawa, ya ƙi. Bai tsaya karanta abin da allon ya ce ba, ya rufe kwamfutar ya hau babur, don ana suna a gidan Gwaggo.

Ya tarar da tsakar gida cike da dangi, Ma'u na raba waina.

"Jama'a, ku taya ni gani," in ji shi. "Na ba Hawainiya gadi, ta kulle mai gida a waje. Ni ma da laifina. Wadda ta koyi abacada tare da 'ya'yanta, ina ita ina kenel?"

Aka kwashe da dariya, don tsakanin taubasai ba a riƙe magana. Ya tsaya yana jiran ramuwa, ya san bakinta. Ta aje mashi wainarsa a gabansa ta wuce.

Washegari da hantsi ya buɗe kwamfutar, wannan karon ya karanta. Layin da mai gadi ya nuna nasa ne. Ya ƙara wa bayanan famfo wani ma'auni na zafin inji, kuma iyakar girman da ya rubuta ba tsayayya ba ce, ba a iya saninta a lokacin haɗi, shi ya sa tsohon mai gadi ya kau da kai. Ya tsayar da iyakar ya sake haɗawa, mai gadi ya sake hanawa, ya ce bayanan sun fi wurinsu girma. Sadisu ya bi ya ga inda rarar za ta zuba: daidai kan umarnin da ke kashe inji in ruwa ya ja baya a rijiya. Da ya kai wannan Kaikai, da injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone, ga rani ya kunno kai.

Ya daɗe zaune, hannu bisa kai, yana alhamdulillahi. Sannan ya gyara, haɗi ya wuce lafiya lau.

Ya aika mata saƙo a waya: "Hawainiya, kin yi rana." Amsa ta zo: "Madalla, Malam Sadisu. Allah ya taimaka."

Malam! Tun da suke ba ta taɓa girmama shi ba. Ya aika mata kilishi, ta aiko da godiya. Ya aika da atamfa, ta aiko da godiya da addu'a. Aiki kam ba ta fasa ba, gyara na zuwa mai kyau, amma babu tsiya ko ɗaya a ciki, kuma rashin tsiyar nan ya fi zagi ciwo.

Ya kai ƙara wurin Gwaggo. "Ai wasa ne, Gwaggo. Yaushe aka fara ba taubashi haƙuri?"

"Ba a ba shi, in wasa ne," ta ce, tana ɓarar gyaɗa ba ta ɗago ba. "Kai ka san ko wasa ne. Ni dai na san daren da ta yi tana kuka bisa littafi, yara na barci."

Ranar da ya sa manhajar a Kaikai, ya tsaya ya ga ruwa na zuba a jarkoki, mata na sa mashi albarka, shi kaɗai. Albarkar ta yi mashi nauyi. Maimakon ya kama hanyar Kankia, sai ya juya babur ya nufi Kusada.

Ya same ta a tsakar gidan Gwaggo tana tankaɗe, tare da matan da suka yi dariya ranar suna.

"Sannu da zuwa, Malam Sadisu. A kawo tabarma?"

"Bar tabarma." Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya durƙusa nan bisa ƙasa. Matan suka tsaya da aiki. "Ruwan Kaikai ke kika tsare shi, kuskuren kuma nawa ne. Abin da na faɗa ranar nan ba wasa ba ne, haushi ne na sa wa rigar wasa. A gabansu na faɗa, a gabansu nake janyewa. Ma'u, na yi maki laifi. Don Allah ki yafe mani."