Tsakar Gidan Madugu

Tun kafin mai babur ya gama tsayawa Ɗanlarai ya dira, ya nufi zaure da sandarsa, 'yarsa Abibatu na biye tana roƙonsa ya yi a hankali. A hankali kuma? Mutumin da lori ta kife da shi a hanyar Yendi ya fito da ƙafarsa, mutumin da ya bar Salaga ta daji a shekarar rikici har ya ga Bawku, shi za a ce wa a hankali a ƙofar gidan kakansa?

Gidan Madugu da ke nan Salaga yanzu gidan tarihi ne. Dangi sun ba gari shi, an shafe bango, an kafa allo. Shi abu ɗaya ya kawo shi. A tsakar gidan nan aka binne mahaifinsa, yadda ake yi wa masu gida a da, kuma duk waɗanda suka tsaya bakin ramin sun rasu, saura shi. Dole ya nuna wa Abibatu wurin kafin motarsu ta tashi bayan La'asar. Tun daga Bawku yake gaya wa 'yan mota cewa ko idonsa a ɗaure zai kai ta.

Anisatu, matar da ke zagayawa da baƙi, tana yi wa wasu ɗalibai bayanin kwandunan goro da akumarin jakai. Ɗanlarai ya katse ta, ya ce kwandon da take nunawa a cikinsa yake ɓuya in ya yi laifi. Ɗalibai suka yi dariya. Bai jira ba, ya ratsa su ya faɗa tsakar gida.

Nan ya ja ya tsaya. Siminti ne shimfiɗe daga bango zuwa bango. Babu durumin, babu rumbun, ɗakin mahaifiyarsa ma an rushe an yi hanya. Ya yi gabas, ya dawo. Ya buga sanda a ƙasa ya ce nan ne, sai ya ga rijiyar tana damansa, alhali a hagu ya san ta. Ya koma wancan lungu, ya sake dawowa, gumi na bin wuyansa.

Ya kira Anisatu ya tambaye ta. Ta rage murya ta ce ya yi haƙuri, lokacin da aka yi aikin babu wanda ya ce da kabari a ciki.

Wayar Abibatu ta yi ƙara. Direba ne, ya ce mota ta kusa cika.

“Baba,” in ji ta, “in ya ɓace maka, mu yi addu'a daga nan. Allah ya san inda yake.”

“Allah ya sani. Ke fa?”



Ɗaliban sun fito, sun bazu suna ɗaukar hoto, wani na tsalle, wata na goge takalminta a ƙasa. Ɗanlarai ya bi ƙafafunsu da ido. Duk inda ɗaya ya taka, wataƙila kan mahaifinsa ne.

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya daɗe, bai fuskanci wani lungu ba. Da ya shafa, ya jingina da Abibatu ya zare takalmansa ya riƙe a hannu.

“Kin gani?” ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. “Daga wancan bango har zuwa wannan, nan kakanki yake. Ranar da kika kawo yaranki, ku bi ta gefe.”

Simintin ya ɗauki rana, yana ƙuna. Ya bi jikin bango a hankali, kafaɗarsa na gogar farar ƙasa. Abibatu ta cire nata ta bi bayansa. Wayar ta sake ƙara, ta bar ta tana yi har suka kai zaure.