Akawu a Kan Benci

Ina da wata 'yar matsala: ba na iya danna kyamara sai na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Shekara ashirin da shida ina ɗaukar hoton fasfo a shago, ina cewa a ɗaga haɓa, a sauke kafaɗa, kar a ƙifta, har abin ya bi jikina. Ko kyanwa zan ɗauka sai leɓena ya motsa.

'Yata ta fari, wadda ke karatun aikin jarida, ita ta sanar da ni cewa abin da nake yi cike fom ne kawai.

"Baba, hoton titi shi ne ka kama mutum yana cikin harkarsa. Ba ka tsayar da shi, ba ka gyara masa kwalar riga, bai ma san kana wurin ba. Haƙuri ake so, da iya ɓacewa cikin jama'a."

"Mamana, da wannan tumbin zan ɓace?"

"Gwada dai."

A layinmu abin ya gagara. Tela yana hango ni ya tofar da zaren bakinsa ya gyara zama. Mai gyaran waya ya ce in jira ya sa tabarau. Ranar Talata na rufe shago, na hau mota, na sauka can ƙarshen gari inda ban taɓa ce wa kowa ya ɗaga haɓa ba.

A tsallaken titi, gaban wani kanti da aka garƙame, na ga mutum a kan benci. Takalminsa na sheƙi, rigarsa ta sha guga, jakar aiki a kan cinyarsa. Kular abinci a buɗe a gefensa, alhali ƙarfe sha ɗaya bai ma cika ba. Cokali na hannunsa, ya manta da shi, ya zuba wa motoci ido. Rana tana bayansa, fuskar duk inuwa. Na danna sau ɗaya na wuce.

Da yamma na nuna wa 'yata a ɗan gilashin bayan kyamara. Ta ce, "Baba, wannan shi ne hoton titi." Tun da ta shiga jami'a ba ta taɓa yaba mini komai ba sai aski.

Bayan ta fita na buɗe hoton a kwamfuta na ƙara masa girma. Kular na fara ganewa, mai jan murfi da tsagewa a gefe, don ni na saya musu. Sannan fuskar. Akawu ne, mijin Autarmu, wanda kullum ƙarfe bakwai yake fita zuwa ofishin wani kamfanin jigilar kaya.

Laraba da Alhamis na sake bi ta wurin, ban sauka daga mota ba. Yana nan, shi da kularsa. Ranar Juma'a Auta ta kira ni.

"Yaya, aiki ya yi wa Akawu yawa. Ka ga yadda ya rame kuwa? Ko magana ba ya yi in ya dawo."

Na ce Allah ya kawo sauƙi, na yi ta tambayarta lafiyar yara har ta gaji.

Sati guda abin yana cina. In na nuna mata, na tsiraita mutum a gaban matarsa. In na yi shiru, ƙanwata za ta ci gaba da tashi da duku-duku tana yi wa benci girki. A ƙarshe na zaɓi abin da zai sa in ji ni mutumin kirki ne. Na goge hoton daga kyamara, na goge shi daga kwamfuta, hoto ɗaya tak da aka taɓa yaba mini. Sannan na je na zauna kusa da shi.

Bai yi mamaki ba. Ya matsar da kular ya ba ni wuri.

"Wata nawa?" na tambaye shi.

"Huɗu. Rage ma'aikata suka yi."

"Kwantar da hankalinka. Na ɗauke ka ban sani ba, amma na goge. Babu mai ji daga bakina."

Na jira godiya. Ya juyo ya dube ni kamar na taka masa ƙafa.

"Ka goge, Yaya?"

"Tas."

"Tun kana sauka daga mota na gan ka. Wa zai kasa ganinka? Har ƙirgenka na gani, ɗaya, biyu, uku." Ya rufe kular a hankali. "Na ce shi ke nan, Allah ya kawo wanda zai kai mata. Kullum na koma gida sai in duba fuskarta, in ga ko ka je. Ni na kasa. Sau nawa ina buɗe baki, sai ta miƙo mini kular nan ta ce a dawo lafiya."

Muka zauna muna kallon motoci. Na tambaye shi ko gobe yana nan. Ya ce ina zai je.

Washegari na koma da kyamara. Da la'asar na wanke hoton, na sa a ambulan, na kai wa Auta. Ta share hannunta a zani ta karɓa. Ta daɗe tana kallo a tsaye a bakin ƙofar kicin, ta sa yatsa a kan jan murfin, sannan ta ce, "Allah sarki, bai ma san ana ɗaukarsa ba."

Sau huɗu muka ɗauka kafin ya fito haka.