Sakan Uku Tsakanin Bakin Baba da Hannunsa

Baba ba ya kai abu gyara. Agogon bangon falonmu yana gaba da minti goma sha ɗaya tun ina firamare, kuma har yau kowa a gidan sai ya yi ɗan lissafi kafin ya faɗi lokaci. Ƙofar banɗaki sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa. Idan abu ya karkace, Baba sai ya karkace ya bi shi, ya ce ai an fahimci juna. Na fara da wannan ne don a gane irin aikin da ya jajibo mini ranar Talatar nan.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai ɗaukar bidiyon tarurruka. Ni ba na riƙe kamara. Ina can ɗakin baya ina matse manyan bidiyoyi su koma ƙanana, ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni a kan baƙin allo mai fararen haruffa. Baba ya taɓa leƙa allon, ya je ya gaya wa Mama a asirce cewa kwamfutata ta ƙone ina ɓoyewa.

Ƙarfe tara na safe ya kira ni. "Uwata, nemi izini ki zo gida yanzu. Ki taho da ƙonanniyar kwamfutar nan."

Na san dalili tun kafin in isa. Baffa, yayan Baba uwa ɗaya uba ɗaya, shekara bakwai ba sa magana, kuma a kan tsani. Baba ya ara, ya mayar da shi matakala biyu a karye, ya ce ai mutum na iya tsallakewa. Baffa ya faɗi magana, Baba ya mayar masa da wadda ta fi ta a gaban mutane, shi ke nan. To a ranar, ƙarfe biyu, za a yi wa Baffa aikin zuciya a wani gari mai nisa. Baba ya kira shi sau goma sha huɗu, ya ƙi ɗauka. 'Yar Baffa, wadda muke kira Yaya Nas, ita ta ce za ta saka masa bidiyo ɗaya a gaba kafin ƙarfe ɗaya, lokacin da za a gungura shi ciki. Sharaɗinta biyu: bidiyon ya zama ƙarami, don sabis ɗin ɗakin asibitin ba shi da ƙarfi, sannan baki ya fito sosai, don kunnen Baffa ya yi nauyi, rabin magana a leɓe yake karanta ta.

Na tarar da Baba a falo cikin rigarsa mafi kyau, idanunsa jawur. Mama na riƙe da tsohuwar kamarar da aka ba shi kyauta ranar da ya yi ritaya.

"Mun riga mun ɗauka," in ji shi. "Ke dai ki tura."

Na kwafe bidiyon na kunna. Bakin Baba ya motsa, ya motsa, ya rufe, sannan muryarsa ta iso a makare ta ce, "Yaya." Na buɗe baƙin allo na tambayi kwamfuta abin da ke cikin fayil ɗin. Ta zubo mini layuka. Hoto yana farawa daga sifili, murya sai bayan sakan uku, girman kuwa ya isa ya kwana a hanya bai je asibiti ba.

"Kamarar nan tana jinkirta murya, Baba."

"Mun sani," ya ce, har da ɗan murmushin wanda ya riga kowa wayo. Ban kula da murmushin ba, kuma da na kula.

Na rubuta umarnin farko. Jan rubutu ya fito, don na manta ɗan layi guda kafin wata kalma. Baba yana tsaye a bayana, numfashinsa a wuyana.

"Ja ya fito," ya sanar da Mama. "Ta ƙara ƙonewa."

Na gyara na sake. Wannan karon na matse da yawa, fuskar Baba ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai kamar saƙar tabarma. Mama ta ce hakan ma ya yi masa kyau. Karo na uku fuskar ta dawo, murya ta ɓace gaba ɗaya, don na ce a ɗauko hoto na manta ban ce a ɗauko sauti ba. Kwamfuta ba ta da kara. Abin da ka faɗa shi take yi, ko da ta ga kana zufa. Sai a karo na huɗu na samu yadda nake so. Na janyo muryar baya da sakan uku daidai, na rage girman, baki da magana suka haɗu tsaf. Na juya allon na ce su zo su gani, ina jiran a yaba mini.

Baba na cikin allo ya ce, "Yaya, kai ne babba, kai ne mai gaskiya." Hannayensa na kan cinya, ko motsi.

Ya ce, "Mai taurin kai marar kunya kuwa, ga shi nan." Ya miƙa yatsa ya nuna kamara, wato Baffa.

Ya ce, "Wanda aka zalunta, Allah ya san shi." Ya bugi ƙirjinsa sau biyu.

Gaba kaɗan ya ce ya ji daɗin labarin jikar Baffa ta gama makaranta, yana zaune ƙiƙam. Sannan ya ce, "Na ji yau za a tsaga ƙirjinka," ya kama tafi.

Na tsayar da bidiyon. "Baba, mene ne wannan?"

Shi kansa ya yi tsuru-tsuru. "Ke kika ɓata. Ɗazu lafiya lau yake."

Mama ce ta warware mini. Tun da safe sun yi gwaji sau biyar, Baba ya lura murya na makara. Maimakon ya kira ni, sai ya ƙirga jinkirin da yatsunsa ya samu uku. Sai ya tsara cewa zai yi magana yadda ya saba, amma duk motsin hannu zai jinkirta shi da sakan uku, don hannu ya jira murya su iso tare. Mama na bayan kamara tana ƙirga masa da yatsu, idan ta kai uku ya nuna, ko ya bugi ƙirji, ko ya tafa.

"Awa biyu muna atisaye," in ji Mama. "Har yatsuna sun ƙage."

Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka. Haushi ma ya fi yawa. A bidiyon da ya lalace hannu daidai yake da magana, amma baki na can gaba, Baffa ba zai karanta komai ba. A wanda na gyara kuwa baki daidai yake, amma ƙaninsa na nuna shi yana kiransa marar kunya, awa ɗaya kafin a kwantar da shi. Na gyara kamara, ashe Baba ya riga ya gyara kansa.

"A sake ɗauka da wayata," na ce. "Baba, hannu da baki tare, kamar kowa."

Ya zauna ya gyara hula. "Yaya, kai ne babba. Amma dai tsakani da Allah, tsanin nan dama can katakon ya..."

Mama ta sa tafin hannu ta rufe wayar. "Malam."

Muka sake. Wannan karon ya kai har jimla ta uku kafin ya koma kan katako. Karo na uku bai ambaci tsani ba, amma ya yi maganar kamar mai karanta sanarwa a ofis, hannunsa kuma, da ya riga ya saba, yana ta makara da kansa. Ya tashi ya ce shi ya gaji, abin da zai faɗa ya faɗa sau ɗaya.

Gaskiyarsa ce. Na koma bidiyon farko na kalli ƙarshensa, wanda ban kai ba ɗazu. A can Baba ya manta da ƙirge. Muryarsa ta karye, ya ce, "Mu biyu muka rage, Yaya. Kada ka shiga ɗakin nan kana fushi da ni." Ban taɓa jin ubana ya yi magana haka ba, kuma na san ba zai iya maimaitawa ba ko za a ba shi wuni guda. Wannan bidiyon ne dole ya je.

Agogon bango ya ce sha biyu da minti talatin da ɗaya, wato da ashirin. Na zauna ina kallon hannayen nan masu laifi. Ba zan iya janyo su baya su kaɗai ba, amma ina iya fitar da su waje. Akwai umarnin da ke datse gefen hoto, ka ba shi faɗi da tsawon da kake so a bari, a zubar da sauran. Na datse daga wuya zuwa ƙasa. Yatsan ya sake leƙowa ta gefen kunne. Na ƙara datsewa. Tafin ya taɓo gemu. Na ƙara. Da na gama babu hula, babu riga, babu ido, babu kunne. Hanci ne da baki suka cika allo daga gefe zuwa gefe, suna neman gafara.

"Rigar fa?" in ji Baba. "Sai da aka goge ta sau biyu."

"An ce baki ake so, Malam," in ji Mama. "Ga baki har ya yi yawa."

Na tura. Ya tafi a hankali, ya tsaya a kashi sittin da biyu, ya yi tunani, ya ci gaba. Baba ya ɗauki wayar ya ɗaga ta sama kusa da taga, wai don ya rage mata tafiya. Sha biyu da arba'in da bakwai Yaya Nas ta rubuto, "Ya shigo." Daga nan shiru.

Muka zauna mu uku ba mai kallon wani. Tsoro nake ji sosai, don idan Baffa ya ga abin ya ɗauka raini ne, ni na datse. Baba yana ta murza gefen rigarsa har gugar ta lalace.

Saura minti huɗu ƙarfe ɗaya ya cika wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo daga Yaya Nas. Na miƙa wa Baba. Fuskar Baffa ta fito, a kwance, da hular asibiti a kansa, ya rame fiye da yadda na san shi.

"Auta," ya ce. Shekarar Baba sittin da shida, ban taɓa jin an kira shi haka a gabana ba.

"Na'am, Yaya."

"Matso da wayar. Buɗe bakinka."

Baba ya buɗe, kamar yaro a gaban likita.

"Haƙorin gefen nan na sama, yaushe ya fita?"

"Shekara huɗu ke nan, Yaya."

"Shekara huɗu," in ji Baffa. Ya ƙura wa giɓin ido. "Haƙorin ƙanina ya fita shekara huɗu, ni ban sani ba sai a waya."

Muka ji muryar wata mata tana cewa lokaci ya yi. Gadon ya fara motsi, fitilun silin suna wucewa ta bayan hannun Yaya Nas. Baffa ya ɗago kai kaɗan daga matashi.

"Idan na farka, ka zo mini da sauran fuskar."

Baba ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Kiran bai gama yankewa ba ya miƙe, yana tambayar Mama da hannu inda ta ajiye jakar tafiyarsa.